Walking Liberty, Franklin ko Capped Bust: wace rabin dala ce ta cancanci kuɗinka?

Duk wanda ya ƙuduri aniyar tara tsofaffin kwandalolin rabin dala na Amurka, irin waɗanda kamfanonin tantancewa suka duba suka rufe cikin kwanson roba, zai tsinci kansa a mararraba tun bai kashe ko sisi ba. Tun 1794 ake buga rabin dala, an sauya mata zane sau da dama, kuma ba aljihun da zai iya bin kowane zane har ƙarshensa. Tilas a kama layi ɗaya. A ganina uku ne suka cancanci a ɗora su a sikeli: Capped Bust ta 1807 zuwa 1839, Walking Liberty ta 1916 zuwa 1947, da Franklin ta 1948 zuwa 1963. Dukkansu azurfa ne, dukkansu akwai masu kyan da ke tsayar da ido, amma abin da mutum ke zuba wa kuɗi a kowace ɗaya daban ne ƙwarai.

Sai an fara fahimtar lambar da ke jikin kwanson. Ma'aunin daga 1 ne zuwa 70, William Sheldon ne ya fito da shi a 1949. Daga 60 zuwa sama ana rubuta MS, ma'ana kwandalar ba ta taɓa yawo a hannun jama'a ba. Daga 50 zuwa 58 kuwa AU ce, ta ɗan shiga hannu amma gogewar ba ta taka kara ta karya ba. A cikin kamfanonin tantancewa, PCGS da aka kafa a 1986 da NGC ta 1987 su ne kasuwa ta fi yarda da hukuncinsu. Sai dai lambar nan dunƙule abubuwa huɗu take yi wuri guda: yawan tabo, kaifin bugu, sheƙi, da kyan gani. Shi ya sa za ka jera kwandala biyu na shekara ɗaya, kowace MS65, ɗaya ta samu makinta ne don fuskarta ba ƙwarzane duk da ta dushe, ɗayar kuma tana wal-wal har ba ka son ajiye ta. Littafin farashi kuɗi ɗaya ya rubuta musu. Ranar gwanjo ne ake gane ba ɗaya suke ba.

Ƙaranci ma iri biyu ne, kuma rashin bambance su ne ke cinye kuɗin sabon shiga. Akwai kwandalar da tun asali kaɗan aka buga, ko kaɗan suka tsira daga tukunyar narkarwa. Akwai kuma wadda aka buga miliyoyi, sai dai waɗanda suka kai wani maki na can ƙololuwa ba su da yawa a kundin ƙidayar PCGS ko NGC. Ta farkon ba mai iya ƙara ta. Ta biyun kuwa adadinta hawa kawai yake yi: yau jika ya buɗe ƙunshin da kakansa ya adana tun zamanin yaƙi, gobe dillali ya fasa kwanso ya sake turawa har ya dace da ƙarin maki. Adadi ya hau, farashi ya sauko. Da wannan ma'aunin zan auna su ukun.

Walking Liberty ce ta fi farin jini, kuma ba a banza ba. Adolph Weinman ya zana mace tana taku ta nufi fitowar rana, lulluɓe da tutar Amurka, hannun dama a miƙe, na hagu rungume da rassan itace, a baya kuma gaggafa tsaye kan dutse ta buɗe fukafukai. Kyan zanen ya sa gidan buga kuɗin ya dawo da shi a 1986 a kan kwandalar azurfa ta American Silver Eagle. Amfanin wannan ga mai tarawa a fili yake: ko a maki na tsaka-tsaki kwandalar tana da kyau, kuma duk ranar da ka tashi sayarwa ba za ka rasa masu taya ba.

Matsalarta daga zanen take. Wuraren da suka fi tudu a gaba, wato kai da hannun hagu da layukan tufar, sun yi daidai da ƙirjin gaggafar da ƙafarta a baya. In aka danna hatimi azurfar ba ta isa ta cike ɓangarorin biyu a lokaci ɗaya, sai tsakiyar ta fito a shafe. Bugun San Faransisko na shekarun 1940, mai ɗauke da harafin S, ya yi ƙaurin suna a nan. Za ka ga MS65 amma hannun hagun ba yatsu, lebur kawai. Kamfanonin ba su da wata alama ta musamman da suke rubutawa don kaifin bugu a wannan layin, kuma wannan riba ce ga mai ido: in ka yi haƙuri ka samo 1941-S ko 1944-S da babban yatsa ya fito a rabe, ba lallai ka biya ƙari mai yawa a kan lebur ɗin ba, alhali ka riƙe abin da ba kowa ke da shi ba.

Cikakken layin kwandala 65 ne, amma yawancin masu tarawa da gajeren jeri suke farawa, na 1941 zuwa 1947, guda 20. A cikinsa akwai darasin da ya isa kowa. Ta 1946-D, wato bugun Denver, guda 2,151,000 kacal aka buga, ita ce mafi ƙaranci a jerin, amma mai kyau ba ta wuyar samu domin mutane sun ɓoye ta ƙunshi-ƙunshi tun tana sabuwa. Ta 1941-S an buga fiye da miliyan 8, amma ita ce ke ba mutane wahala. Yawan bugu kaɗai ba ya faɗa maka komai. Shekarun farko kuwa wata duniya ce: 1921-D guda 208,000, 1921 ta Filadelfiya 246,000, 1921-S 548,000. Waɗannan sun sha yawo a aljihun ma'aikata, lokacin da rabin dala kuɗi ne mai auki da ba a iya ajiyewa don sha'awa. Samun 1921-S ko 1919-D a MS65 ba harkar mai albashi ba ce. Amma ɗaya daga cikinsu a maki 30 ko 40, mai launin toka-toka na asali wanda hannu bai taɓa wankewa ba, ƙarancinta na gaske ne, ba na kundin ƙidaya ba.

Abin lura ga mai sayen gajeren jeri shi ne farar kwandala ba lallai sabuwa ba ce. Da yawa an tsoma su cikin ruwan sinadari don cire launin tsufa. In sau ɗaya ne kuma da gwaninta, kamfanonin kan kau da kai su ba da maki. In aka maimaita, sheƙin ya mutu ke nan har abada, domin ba fenti ba ne, ƙananan layuka ne da azurfar ta yi lokacin da take malala a ƙarƙashin hatimi, kuma sinadarin cinye su yake yi. Ka karkata kwandalar ƙarƙashin fitila ɗaya: in hasken yana zagayawa yana bin hannunka, tana da rai. In ya tsaya fari fat a wuri ɗaya, bar ta ko da lambar ta burge ka. A wajenmu azurfa mai kyau ita ce wadda aka goge da toka ta yi fes, yadda mata ke yi wa awarwaro kafin biki. A wannan kasuwar wannan gugar ce ke mayar da kwandalar dubban daloli ta koma kusa da kuɗin nauyinta, a sa ta cikin kwanso mara maki, a rubuta an wanke ta.

Franklin ba ta da kyan zanen Weinman, gaskiya ɗaya ce. Kan Benjamin Franklin ne, dattijo mai sanƙo, a gaba, ƙararrawar 'yanci mai tsaga a baya, da wata 'yar gaggafa da aka maƙala a gefe don kawai doka ta ce sai da ita. John Sinnock ne ya zana, ya rasu a 1947 kafin ta fito. Kwandala 35 ne duka layin, ba wadda ba ta samuwa, mafi ƙarancin bugu ita ce ta 1955 da kusan miliyan 2.5. To me ake biya wa kuɗi? Abu uku, kuma kowanne da tarkonsa.

Na farko layukan da suka zagaye gindin ƙararrawar. In sun fito a rabe ba yankewa, ana ƙara FBL bayan makin. Ga wasu shekaru wannan ba wani abu ba ne, amma ga 1953-S, wadda aka buga fiye da miliyan 4, haruffan nan uku na iya ninka farashi sau ɗaruruwa. Kuma kamfanonin biyu ba ma'auni ɗaya suke bi ba: PCGS layukan ƙasa take dubawa, NGC kuwa sai na sama da na ƙasa duka sun cika. Wato dai tsabar kuɗi mai yawa na rataye ne a kan wasu siraran layuka da sai da gilashin ƙara girma ake ganinsu. Ni wannan ba ya cikin abin da nake kira ɗaukar ido. Wanda ke gasar jerin gwanaye a shafin PCGS yana da dalilinsa na biya, wanda ke son abin kallo ba shi da shi.

Na biyu launi, kuma a nan ne Franklin ta yi zarra. Daga 1947 zuwa 1958, ban da 1950, gwamnati ta riƙa sayar wa masu tarawa jerin kwandalolin shekara a cikin kwali da takarda masu ɗauke da farar wuta. Shekaru suna tafiya azurfar tana shan wannan sinadarin. Yawancinsu sun fito da dabbare-dabbare ruwan ƙasa marasa fasali, amma 'yan kaɗan sun yi ruwan zinariya da ja da shuɗi da kore, kuma faɗin fuskar nan da ba ta da ado sai ya zame wa launin fili. A 2018 an sayar da wata ta 1958 mai MS67+ FBL a kan dala 129,250 a gwanjo, kwandalar da aka buga 'yan uwanta fiye da miliyan 4. Ba shekara aka saya ba, launi aka saya. Kuma duk inda launi ke kawo irin wannan kuɗi, masu rina kwandala da zafi da hayaƙi da sinadari suna nan. Launin asali yana bin tsari, yana sauyawa a hankali daga wani zuwa wani, yana zama daban a kan tudun haruffa da cikin kwarinsu, sheƙi kuma na ɓullowa ta ƙarƙashinsa. Na jabu a sama yake yawo, ya bi kan harafi da fili da ƙwarzane duk bai ɗaya, sau da yawa da shuɗi ko shunayya mai ƙarfin da ya wuce misali. Kamfanonin na kama da yawa, ba duka ba. Sannan farashin launi ba ya cikin kowane littafi. Mutum biyu ne suka so ta a dare ɗaya suka kai ta can. Ranar da ka tashi sayarwa, in ɗayansu ne kawai ya zo fa?

Na uku bugun musamman na masu tarawa da ake kira furuf, na 1950 zuwa 1963, mai fili kamar madubi. Waɗanda aka fara bugawa da sabon hatimi kan fito da hoton fari sol a kan baƙin madubi, su ake kira kamiyo. A 1950 furuf 51,386 aka yi, zuwa 1961 sun haura miliyan 3. Kamiyo mai zurfi na shekarun 1950 zuwa 1952 ƙarancinsa na gaske ne, na 1962 da 1963 kuwa ana samu cikin sauƙi kuma suna da kyau matuƙa. Ga mai son kyan gani da kuɗi kaɗan, ban san wata rabin dala ta azurfa da ta fi waɗannan biyan buƙata ba, muddin bai sa rai za su yi tashin gwauron zabo ba.

Capped Bust kuwa sai mai haƙuri. John Reich, Bajamushen da ya yi ƙaura zuwa Amurka, shi ya zana ta. Har zuwa 1836 ta fi sauran biyun faɗi da nauyi, giram 13.48 maimakon 12.5, kuma rubutu ne a bakinta ba zara-zara ba. A yawancin zamaninta ba a buga dalar azurfa, don haka ita ce babbar kwandalar azurfa ta ƙasar, bankuna suka riƙa jibge ta a buhuna a matsayin ajiya. Wannan ne ya sa kwandalar da ta doshi shekara 200 take samuwa a maki 40 zuwa 58 a kan kuɗin da bai kai na wasu Franklin ba. Har zuwa 1836 da injin dannawa na hannu aka buga su, taurari da lambobi kuma ɗaya bayan ɗaya aka huda su a jikin hatimi, don haka ba hatimi biyu da suka zo ɗaya. Al Overton ya jera haɗe-haɗen hatiman a 1967, sun kai wajen 450, har yau da lambarsa ake kiransu. Za ka ga shekarar da aka buga a kan wata shekara, hatimi mai tsaga, tauraron da ya karkace. Ta 1815 guda 47,150 ce, ita ce ƙashin bayan layin. Ta 1816 babu ita sam, gobara ta tashi a gidan buga kuɗin a watan Janairu na shekarar.

A nan kyau ma'anarsa daban. Mafi yawansu an taɓa wanke su a wani zamani, domin masu tarawa na da ba su ɗauki hakan laifi ba. Wadda ta tsira da fatarta ta asali, toka-toka a tsakiya, shuɗi da ruwan zinariya a gefe saboda zaman tsohon kundin kwali, ita ake rububi. Kuma a wannan layin ne lamba ta fi yaudara: AU58 mai ɗan gogewa a kunci amma fes, sau da yawa ta fi MS61 da ta sha karo a buhu kyau nesa ba kusa ba. Kasuwa ta gane haka, shi ya sa kyawawan 58 ba sa arha. Aibin layin shi ne ba a koyonsa a wata ɗaya. Rarrabe raunin bugu da gogewar hannu a kan gashi da fukafukai sai an ga da yawa.

Sauran ba zan daɗe a kansu ba. Seated Liberty ta 1839 zuwa 1891 ta yi tsawo, kuma akwai irin su 1878-S mai guda 12,000 da za su tsayar da mutum cak. Barber ta 1892 zuwa 1915 layi ne na masana, mai kyau a maki 30 zuwa 45 ta fi wuya fiye da yadda farashinta ke nunawa, amma masu sonta ba su da yawa. Kennedy ta 1964 an buga fiye da miliyan 400, duk tsadar da ka gani a kanta a manyan makuna ta kundin ƙidaya ce.

Akwai alamomi uku da ke ƙoƙarin faɗin abin da lamba ta kasa, kuma ba aiki ɗaya suke yi ba. Alamar tarawa, +, wadda kamfanonin biyu suka fara a 2010, tana nufin kwandalar na saman ajinta, ta kusa maki na gaba. Tauraron NGC shi ne kai tsaye yake magana a kan kyan gani. Koriyar sitikar CAC, kamfanin da John Albanese ya kafa a 2007, cewa take yi kwandalar ta cika makinta ba ta ƙasan aji ba ce, ruwan zinariyar kuma na nufin ta ma wuce shi. Sitikar ba alƙawarin kyau ba ce, akwai masu duhu da suka samu. Amma a kan Capped Bust da Franklin mai launi ita ce ta fi daraja a wurina, domin ido na biyu ne a kan tambayar da ta fi tsada: an taɓa fuskar nan ko ba a taɓa ba? A kan Walking Liberty ta 1943, wadda Filadelfiya ta buga fiye da miliyan 53, ba sai ka biya ƙari mai yawa don sitika ba, idonka ya isa.

To wa ya kamata ya ɗauki wace? Sabon shiga mai kuɗi daidai gwargwado, gajeren jerin Walking Liberty a MS64 ko MS65, yana zaɓar masu cikakken hannu da sheƙi mai rai. Kuskure a nan ba ya karya mutum, fita kuma ba wuya. Kada ya bi MS67, tazarar kuɗi tsakanin 66 da 67 ta fi tazarar da ido ke gani. Wanda launi ke ruɗa, ya ɗauki Franklin, amma ya tsaya maki ɗaya ƙasa da ƙololuwa, ya bar FBL na shekaru masu tsada, ya kuma ɗauki ƙarin da ya biya don launi a matsayin kuɗin jin daɗi. In kuwa tambayar ita ce wace ce kyanta da ƙarancinta ba mai iya ƙara musu yawa, ni Capped Bust mai fatar asali a AU50 zuwa AU58 zan nuna. Guda biyar zaɓaɓɓu sun fi min ashirin da aka saya don cike gurbi.

Mai saye daga nesa, ko yana Amurka ko wajenta, da hoto zai yi hukunci, kuma hoto gwanin ɓoye siraran layukan guga ne, yana kuma ƙara wa launi armashi. A nemi bidiyo da ake juya kwandalar, a duba lambar kwanson a shafin kamfanin a gwada hoton da ke can da wanda ake talla, domin kwanson ma ana yin jabunsa. Manyan gidajen gwanjo irin su Heritage da Stack's Bowers suna ɗora wani kaso a kan farashin da aka tsaya, sai a sa wannan a lissafi kafin a taya, ga kuɗin aike da inshora. Musulmi kuma ya tuna kowace Walking Liberty ko Franklin na ɗauke da giram 11.25 na tsantsar azurfa, wato guda 53 sun kai nisabin giram 595. Gajeren jeri haɗe da cikakken layin Franklin guda 55 ne, sun haura ke nan, don haka batun zakkarsu, da ko nauyi za a bi ko kuɗin kasuwa, tambaya ce ta kai wa malamai tun kafin shekara ta zagayo.